Taku Bakwai Tsakanin Rijiya da Masai

A Unguwar Boro, in kana son ganin haƙoran Baba Yakubu a waje, to yabi rijiyarsa. Da hannunsa ya haƙa ta shekarar da ya auro Mama Janet, kuma tun daga lokacin duk baƙon da ya shigo gidan sai ya sha ruwanta, ya kuma sha labarinta. Hadassah, autarsu, ta haddace labarin nan tsaf.

Shi ya sa ranar Asabar ɗin da saurayinta Victor zai zo gaisuwar farko, ta ja masa kunne a waya.

"Don Allah in ya ba ka ruwa ka shanye, ka ce ya fi fiya wata daɗi. Shi ke nan ka ci jarrabawa!"

Victor fulamba ne a Kamazou, aikinsa haɗa famfo da gina sokawe, wato ramin da ƙazantar banɗaki ke taruwa. Yaro ne mai natsuwa, sai dai idonsa ba ya barin aiki a shago. Yana shiga tsakar gida ya hangi rijiya, ya hangi masai, wanda aka matso da shi kusa da ita shekaru biyar da suka wuce don a sami filin ɗakunan haya. Ya durƙusa ya kwashi gaisuwa. Baba ya miƙa masa kofi da hannunsa, yana murmushi.

Victor ya karɓa, ya dubi ruwan, ya ajiye a gefe.

"Baba, a yi mini afuwa, ba zan iya sha ba. Taku bakwai ne tsakanin masai da rijiyar nan. Da damina ƙazantar tana bi ta ƙarƙashin ƙasa, tana..."

"Tana me?" Baba ya miƙe tsaye. "Kashi nake ba baƙina ke nan? Ka zo neman 'yata ko duba-gari ka zo yi? Tashi ka ba ni wuri!"

Hadassah ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Da yamma ta kira Victor a waya tana kuka.

"Haba Victor! Kurɓa ɗaya fa! Da ka mutu?"

"Sori, na san ban iya magana ba. Amma ba ke kika ce Mama ta kwanta da taifod sau uku bana ba? In na sha na yaba, na taya a ci gaba da ba ta ke nan."

Wannan maganar ce ta tsaya mata a rai. Tana sonsa, tana son mahaifinta, kuma ta san in ta ce za ta yi musu da Baba a kan rijiyarsa, aure ya sha ruwa. Sai ta sake dabara. Kullum da safe in Baba ya fita, ta ɗora babbar tukunya ta tafasa ruwan sha, ta bar shi ya huce, ta juye a randa. Mama tana lura da ita.

Sati ya wuce, wata ya wuce. Ba a ambaton sunan Victor a gidan. In sun haɗu a coci, daga nesa suke gaisawa da ido, sai ta koma gida ta share hawaye ta wanke tukunyarta. Amma Mama ta fara cin tuwo har tana neman ƙari, ta koma zumuntar mata ta coci, har ana jin muryarta a waƙa daga bakin titi.

Wata Lahadi bayan wata uku Baba da Mama suna zaune a inuwar mangwaro, Baba ya ɗaga kofi ya shanye, ya yi gyatsa.

"Kin gani ko, Janet? Ga ki garau! Ina mai ƙirgen takun nan? Ruwan da ya ce guba ne, shi ya tashe ki."

Mama ta ajiye tsinken sakace.

"Baban Hadassah, wata uku ke nan ba wanda ya sha ɗanyen ruwan rijiyarka a gidan nan, har kai. 'Yarka ke tafasawa. Tun da ta fara, ko ciwon kai ban yi ba."

Baba ya dubi kofin, ya dubi matarsa, wadda bara ya ɗauka a keke Napep zuwa asibiti ba ta san inda kanta yake ba. Ya tashi a hankali ya je bakin masai, ya taka zuwa rijiya yana ƙirgawa a fili. A na bakwai gwiwarsa ta taɓa bakin rijiya. Ya waiwayo wajen 'yarsa.

"Hadassah, kira mini yaron nan."

Victor ya zo da ma'auninsa da guntuwar kunya. Ya durƙusa ya nemi gafarar yadda ya yi magana a gaban babba. Baba ya ce a bar tone-tone, ga tonon da ya fi muhimmanci. Aka cike tsohon masai, aka gina sabon banɗaki can ƙarshen gida da sokawe mai siminti, aka yashe rijiya aka zuba mata magani. Baba da kansa ya riƙe shebur, yana aiki yana koya wa fulamba aikinsa.

Gaskiya ɗaci gare ta, amma wanda ya ƙi yabon abin da zai cutar da kai, shi ne masoyinka. Mai faɗinta kuma ya nemi ladabin faɗi, domin abin da baki ya ɓata a minti ɗaya, haƙurin Hadassah wata uku ya yi kafin ya gyara.

Ranar da aka sa musu rana, Baba ya cika kofi ya miƙa wa Victor a gaban dangi.

"Sha, surukina. An tafasa, ni da kaina na hura wutar!"

Victor ya shanye tas, ya miƙa kofin a ƙara masa.