Toshin Wake da Zogale

"Wake?" Inna ta ɗaga ledar da yatsu biyu. "Munawwara, wake saurayinki ya kawo miki toshi?"

Na sunkuyar da kai.

"Da zogale, Inna... da gyaɗa."

"Au, har da zogale. To madalla, akuyar gidan nan ta yi saurayi."

A gefen tabarma kuwa kayan Kamaluddeen ne jibge: katan biyu na lemo, madarar gwangwani, biskit, alawa. Ɗan ƙawar Inna ne, yana da shago a bakin kasuwar Birnin Kudu. Ban taɓa ce masa ina so ba, amma shi bai ɗauki wannan a bakin komai ba.

"Dubi wuyanki," Inna ta ci gaba. "Tun da kika haɗu da yaron nan na Gwaram kike zubewa. Rigunanki duk sun yi miki yawa."

Abin da Inna ba ta sani ba, wata bakwai da suka wuce jiri ya ɗebe ni ina tsakar koyar da 'yan aji uku. A asibiti likita ta ce sukarin jinina ya hau, ƙiba kuma tana taya shi. Ta ba ni magani, ta ce in ja baya da farar shinkafa da burodi da lemo, in koma abincin da yake narkewa a hankali, wanda ba ya ɗaga sukari farat ɗaya. Na fito na zauna a benci ina kuka.

A bencin nan na haɗu da Safiyanu. Manomi ne daga Farin Dutse ta ƙasar Gwaram, ya kawo mahaifinsa gwaji. Ya karanta takardata, ya yi murmushi.

"Shekara shida ina auna wa Babana tuwo," ya ce. "Har yau shi yake riga ni isa gona."

Shi ya koya min in fara da ganye da wake kafin in taɓa tuwo, tuwon ma na dawa, ƙaramar malmala ɗaya. Nono ba sukari. Bayan cin abinci in ɗan taka. Na sauke kilo tara, jirin ya tafi, zuciyata kuma ta bi shi Gwaram ba tare da ta nemi izinina ba.

Amma na sa ya yi min alƙawari ba zai faɗa wa kowa ba. Ciwon nan ne ya ci ƙafar mahaifiyar Inna kafin ya ɗauke ta, Inna ko sunansa ba ta son ji. Ni kuma ina tsoron a riƙa nuna ni a gidan biki ana cewa ga mai suga.

Da yammar ranar da ya kawo waken, Safiyanu ya kira ni a waya.

"Hasken idona, yau me aka ce?"

"An ce kai marowaci ne..."

Ya yi dariya. "Gwajin sugan safe fa?"

"Ya sauka."

"To ai ni na ci riba. A ƙara min da wani sunan."

Wallahi a ranar na san ban taɓa ganin namiji irinsa ba.

Kamaluddeen bai zauna ba. Ya yi takakkiya har Gwaram, ya dawo wa Baba da labari: wai kowa ya sani Safiyanu da ƙaramin kwano yake auna wa ubansa abinci, ga rumbu cike da hatsi. Baba mutum ne da ba ya yanke hukunci bai ji ta bakin mai abu ba, sai ya aika a kira shi.

Ranar Asabar bayan la'asar suka zauna a zaure. Na laɓe a bayan ƙofa, Inna ma tana tsaye a kusa, wai tsintsiya take nema.

"An ce kana auna wa mahaifinka tuwo," in ji Baba.

"Gaskiya ne, Baba. Ciwon suga gare shi, shi ne maganinsa."

"Allah ya ba shi lafiya. To ita 'yata me ya same ta da kake kawo mata wake? Raini ne, ko rowa?"

Safiyanu ya kafe idonsa a ƙasa.

"Da kai nake."

"Baba, abin da na ga ya dace da ita ke nan."

"Wannan ba amsa ba ce. In ba ka da wata, daga yau ka ɗauke ƙafa daga gidan nan."

Na ji numfashinsa. Kalma ɗaya za ta wanke shi, ina jira ya faɗe ta, har ina roƙon Allah ya faɗa.

"To, Baba," ya ce a hankali. "Alfarma ɗaya nake nema. Ko ba ni aka ba ba... kada a matsa mata da shan lemo."

Ban san lokacin da na banka ƙofar ba. Na durƙusa a gaban Baba.

"Baba, ni ce mai ciwon. Wata bakwai ke nan. Ni na hana shi faɗa. Ramar da kuke gani ba wahala ba ce, sauƙi ne, kuma bayan Allah shi ne sanadi."

Na ji tsintsiya ta faɗi daga hannun Inna, sai kukanta ƙasa-ƙasa.

Baba ya juya ga Safiyanu.

"Ka yarda a kore ka da sunan rowa, da dai ka tona ta?"

"Amana ta ba ni, Baba."

Baba ya cire hularsa, ya shafa kai, ya mayar.

"Ka turo magabatanka ranar Juma'a."

Safiyanu ya yi godiya, ya yunƙura zai tashi. Inna ba ta taɓa yarda muryarta ta kai kunnensa ba, ko gaisuwarsa ta bakina take amsawa. Sai ga muryar nan ta ratso ƙofa, a dishe.

"Malam, tsayar da shi... Kai, ɗan nan. Gobe da safe me zan dafa mata?"

Ya koma ya durƙusa, ya fuskanci ƙofar.

"Inna, kina da wake a gidan?"

"Naka yana nan," ta ce tana jan hanci. "Ban zubar ba."

Bayan wata huɗu aka kai ni Farin Dutse. Inna da kanta ta riƙe hannuna har bakin mota, ta leƙa ta ce da ƙawayena, "Ku gaya wa ɗana na ba shi amana, na san ya iya riƙo."