Idon Rabilu

"Ke kika makantar min da ɗa. Tattara kayanki."

Inna Shatu ce ke faɗa wa surukarta Najiba haka a tsakar gida. Rabilu na zaune a bakin ƙofa yana ji, kansa a ƙasa.

Tela ne a kasuwar Ƙonni. A layin karɓar maganin sida, wato ƙanjamau, suka haɗu da Najiba. Ita mijinta na fari ya bar mata cutar, shi kuma tun samartaka ya kwaso ta. Suka yi aure suka rufa wa juna asiri, suna shan magani, lafiyarsu lau.

Sai mahaifiyarsa ta zo daga Bazaga ta zauna da su. Don kada ta gani, Rabilu ya daina shan maganin. Najiba ta roƙe shi har da hawaye, ya ce sai Inna ta koma. Damina ta wuce, wata ta zo, Inna ba ta koma ba.

Ya fara ganin baƙin ɗige-ɗige suna yawo a gabansa, zare ya ƙi shiga allura. Likita ya ce garkuwar jikinsa ta faɗi, har wata ƙwayar cuta ta samu hanya ta ci cikin idon. Na hagu ya tafi, na dama ana iya ceto shi.

Yau kuma Inna ta tsinci maganin Najiba, wata maƙwabciya ta faɗa mata na mene ne.

Najiba ba ta kare kanta ba. Ta shiga ɗaki tana ɗaure kaya. Rabilu ya lallaba ya bi ta.

"Rabin raina..."

"Bar ni in tahi, maigida. Gara ta tsane ni da ta ji naka."

Kunya ta rufe shi har ya ji gara ƙasa ta tsage. Ya fito ya durƙusa gaban Inna, ya faɗa mata komai, bai rage ba.



"Don ni ka bar maganin?"

"Don kunyarki, Inna."

Ta rufe fuska da gefen zane. Can ta miƙe, ta shiga ɗakin, ta kwance ƙullin kayan da hannunta. Ba ta iya duban Najiba ba.

"Ɗiyata, yahe min... Kawo mishi maganin nan yanzu."

Idon hagu bai dawo ba. Da na dama ya ga Najiba tana miƙo masa ruwa, tana kuka tana murmushi.