Kifayen Yaya Salamatu

A shekarun da Faransawa ke tattara kayansu suna barin Dahome, na haifi ɗana Zailani a Paraku. Yaya Salamatu, 'yar wan babana, ta taso daga Jugu da tsohon cikinta don yi mini barka. Tsarabarta ta tara mana unguwa: akwatin gilashi mai kifayen teku, wanda mijinta ya samu a gidan wani Bature. Ni da son abin da babu a gidan kowa, baki har kunne.

Ta zauna ta koya mini. Ruwan teku jirgin ƙasa zai riƙa kawowa daga Kwatano. Abinci ɗan kaɗan. In ruwan ya ragu, na sama ake ƙarawa, don gishiri ba ya bin iska.

"To Yaya, ta yaya zan san gishirin ya yi daidai?"

"Da harshe, Zuwaira." Ta kama yatsana ta tsoma, ta kai mini baki. "Kullum, kafin magariba."

Na riƙe darasin kamar karatun allo. Ba a jima ba Zailani ya fara ƙin nono. Ya kama, ya saki, ya tsala ihu. Muka sha jiƙe-jiƙe, yaro sai ƙara ramewa yake, ni kuwa tsoro ya hana ni cin abinci.

Wata yamma na shiga ɗanɗana ruwan, ladan na gyaran murya. Ƙarni ya cika ɗakin. Ruwan da ya kamata ya ragu ya taho har baki. Kifayen sun daina yawo. Duk sun juya wajen gadon da Zailani ke kwance.

Na tsoma yatsa.

Wani abu ya cafke shi. Baki ne mai laushi, babu haƙori. Ya shiga tsotso.

Nonona ya kawo, ya jiƙa zane. Na lakata da ɗaya hannun na kai harshe. Gishiri zalla.

Daga ƙasan ruwan wata 'yar murya ta ce, "Inna."

Na yi a'uziyya, na fizge hannuna. Na suri Zailani. Ruwa mai sanyi ya riga ni bakin ƙofa, yana jan ƙafata. Da rarrafe na fita.

Mijina ya sa aka ɗora akwatin a jirgi, aka juye shi a teku. Zailani ya rayu da madarar shanun Fulani, amma nonona ya ƙafe, ban sake shayar da ɗa ba.

Da na samu ƙarfi na tafi Jugu, don in gargaɗi Yaya, wadda duk 'ya'yanta ke mutuwa a goye. Na tarar da ita a tsakar gida, jaririya ɓul-ɓul tana shan nono har da gyatsa. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga ta sunkuyar da kai. Nan na gane ba tsaraba ta kai mini ba.

"Yaya, kin sani?"

"Na gaji da binnewa," ta ce a hankali. "Ni ma koya mini aka yi."

Na daɗe a tsaye ina jira ta tambaye ni ko ɗana na da rai. Ta juya 'yarta zuwa ɗaya nonon.