Hannun Tagulla na Garmahon Nomau

Magariba ta doso, inuwar rumbuna ta miƙe har bakin darni, kaji sun fara neman wurin kwana. A gidan Nomau tela, can bayan kasuwar Gazawa, matarsa Barira tana kwashe tuwo, ɗiyarsu Lauratu tana jera mata ƙore. Shi kuwa yana zaure, garmahonsa a gabansa, yana ɗaure masa sabon hannu.

Garmahon nan shi ne abin taƙamarsa. Daga Katsina ya zo da shi, kuma ba a biki a garin ba tare da an aiko masa ba. Sai dai tsohon hannun, bututun nan mai riƙe allura a kan faifai, ya tsage a gwiwa, murya tana fita a shaƙe kamar ta mai mura. Ga daminar ta zo da shirin bikin 'yancin kai, an ce shi zai sa faifai a dandali. Abin da ya kai shi kasuwar Cadawa ke nan, inda wani dillalin tarkace ya nuna masa hannu iri biyu: sabo na gwangwani, marar nauyi, da tsoho na tagulla da aka ciro daga kangon wani Bature mai sayen gyaɗa. Nomau ya hura kowanne. Na gwangwanin ya yi fito siriri, na tagullar ya amsa da murya mai zurfi. Ya ji ɗumi a jikin ƙarfen, ya ce a ransa zafin rana ne, ya saye shi.

Da ya gama ɗaure hannun tagullar a zaure, ya wana garmaho, ya sauke allura. Waƙa ta fito tar, irin da bai taɓa ji ba. Murmushinsa bai gama buɗewa ba ya ji wani sauti a ƙarƙashin waƙar, kamar kukan jinjiri daga cikin rijiya. Ya ɗage allura. Waƙa ta tsaya, kukan bai tsaya ba.

Sai dutse ya faɗo tsakar gida ya fasa tukunyar miya. Wani ya biyo. Nomau ya zagaya bayan darni da sanda, bai ga kowa ba sai gero tsaye, ko ganye ba ya motsi. Da ya dawo, ya tarar da Lauratu zaune a ƙasa, idanunta a kafe, hannunta na dama ya lanƙwashe a gwiwa ya sandare, yatsa ɗaya yana nuna ƙasa.

Daga ranar gidan bai ƙara ganin magariba lafiya ba. Da rana ta yi ja, duwatsu su fara sauka, masu ɗumi kamar daga murhu. Lauratu ta buɗe baki ta rera baiti ɗaya na waƙar nan, ta maimaita, ta maimaita, yadda allura ke yi in ta maƙale a faifai, har muryarta ta dushe. Ba ta ci sai an ɗura mata kunu. Maƙwabta suka daina shigowa ɗiban wuta. Nomau ya kwance hannun tagullar ya jefa cikin gona, da asuba ya same shi kwance a tabarmar yarinyar. Ya binne shi, ya dawo. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka yanka zakara, yarinya sai ƙara zubewa take, har ƙasusuwan wuyanta suka fito.

Barira ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Amma wani yammaci ta durƙusa gabansa, ta ce, "Maigida, ita kaɗai Allah ya bar mana. In ta tafi, ban san inda zan sa kaina ba."

Washegari ya ari doki ya nufi wajen Gidan Rumji, inda aka ce akwai wani Malam Jaye.

Malamin tsoho ne siriri, ba ya son yawan magana. Ya iso ana kiran la'asar, ya sa aka kawo garmaho da hannun aka aje kusa da yarinyar, ya zauna yana karatu a hankali. Rana ta sunkuya. Dutse ya faɗo dab da gwiwarsa, bai ko duba ba. Can Lauratu ta juyo da kai, wata murya ta fito daga bakinta, muryar babbar mace wadda ta gaji.

"Malam, bar ƙona ni. Ba ni na fara ba."

Ya tambaye ta ko wace ce, da abin da ya kawo ta gidan Musulmi. Ta ce sunanta ba zai amfane shi ba. Tun da Baturen nan ya tashi take zaune a kangonsa, cikin bututun nan ta haihu, nan take kwantar da jinjirinta. Mutane suka rushe mata gida, suka sayar da ɗakinta, sannan wannan mutum ya tura ƙara ta bi ta kan ɗanta. Tun ranar yaron bai ƙara jin kiranta ba.

Nomau ya matso. Ya ce wallahi bai sani ba.

"Ni ma na san ba ka sani ba," in ji muryar. "Kunnen ɗana ya dawo?"

Malam ya ce a mayar da ita inda aka ɗauko ta. Ta yi wata dariya marar daɗi, ta ce an share wurin, ana haƙa harsashin lakol, makarantar boko. Ya ce ga kukoki a daji. Ta ce kowace da masu ita. Ita dai ta sami ɗaki mai ɗumi a jikin yarinyar nan, a bar mata.

"Wanga ɗaki yana da mai shi," Malam Jaye ya ce, ya ɗaga murya da karatu. Lauratu ta gantsare, ta ƙwalla ƙara, Barira ta kifa fuska a ƙasa. Nomau bai san lokacin da ya rarrafo ba. Ya ce wa mai muryar ta shiga jikinsa, ta ɗauki hannunsa, ta ɗauki keken ɗinkinsa, ta ɗauki abin da ta ga dama.

Lauratu ta juyo da kai wajensa.

"Akwatin garmahon," in ji muryar. "Duka, da hannun a jiki. A kai shi inda ba mai wana shi har abada. Kuma ranar bikinku, kada a buga komai a ƙofar gidan nan."

Malam ya sa ta yi alkawari ba za ta waiwayi gidan ba, ita da zuriyarta. Ta yi. Nomau ya ɗaura hannun, ya rufe akwatin, ya ɗora a ka. Ya fi nauyin da ya sani. Malam yana gaba, suka ratsa gonaki har wata tsohuwar rijiya da ta ƙafe tun zamanin kakanni, suka zura shi da igiya. Da ya taɓa ƙasa, Nomau ya ji wani abu kamar mace tana lallashin yaro. Ya saki igiyar duka, bai leƙa ba.

Da suka dawo, Lauratu tana kwance, gumi ya jiƙa mata riga. Ta buɗe ido, ta dube shi kamar wadda ta dawo daga doguwar tafiya.

"Baba, ƙishirwa."

Barira ta ɗebo ruwa za ta ba ta a baki. Yarinyar ta miƙo hannun dama, ta karɓi moɗar da kanta. Nomau ya zauna a ƙasa inda yake tsaye, ya rufe fuska da hularsa.