Shinkafar da Hankaki Suka Cinye

"Tsaya, Sudhish! Mene ne wannan?"

Har ya ɗora ƙafa a kan babur ɗinsa ya sauke. Na miƙa masa ƙyallaye biyu suna ɗigar ruwan sama, ragowar shinkafa manne a jikinsu.

"Yau kuma babu ko Yaya? Sudhish gatsal?" ya faɗa yana murmushi.

"Ba wasa ya kawo ni ba. A bayan rijiya na tsince su, hankaki sun cinye abin ciki tas. Tun da sassafe nake tsaye a kan shinkafar nan, in dafa ta da madara da saiwar magani, in ƙulle ta yadda ka koya mini. Don gasa jikin Baba nake yi, ko don kiwon tsuntsaye?"

Murmushin ya ɗauke. Ya kalli tagar ɗakin Baba, sannan ya kalle ni.

"Ambili, ranki ya daɗe... wani lokacin ba duka ake buƙata ba."

"Jiya ma ba a buƙata ba? Shekaranjiya fa?"

"Ki yarda da ni, zuciyata."

"Ka ba ni amsa!"

Ya kawar da kai. Ya tayar da babur ya shige cikin ruwa, ya bar ni da ƙyallaye a hannu. Mutumin da zoben baikonsa ke yatsana ke nan, kuma mai maganin gargajiyar da na damƙa wa jikin mahaifina.

Mahaifina Velayudhan shi ne babban makaɗin haikalin garinmu. A da idan ya ɗora sanda a kan ganga, har mutanen ƙetaren kogi sun san hannunsa ne. Sai ciwon karkarwa ya fara masa sallama ta hannun dama. Daga baya ya sauka ƙafafu: yana cikin tafiya sai su kafe, musamman a bakin ƙofa, kamar an liƙa su da ƙasa. Gangar ya naɗe ta da zanen marigayiya Innata ya rataye, ya hana kowa taɓawa.

Ƙwayoyin asibiti suna taimakawa. Sudhish da kansa ya ce kada a kuskura a daina su. Nasa aikin, in ji shi, tallafi ne: ya sassauta jijiyoyin da suka sanƙare, ya sa barci ya zo, ciki ya saki. Da watan Karkidakam ya kama, damina ta yi nisa, jiki ya yi laushin karɓar mai, sai aka shigo da gadon katakon nan mai kama da kwami aka ajiye a ɗakin Baba. Kullum da hantsi a shafe shi da man riɗi mai ɗumi, a bi da ƙunshin shinkafa ana gasawa. Ƙofa a rufe, taga a rufe, kuma mace ba ta shiga wurin da ake yi wa namiji mai. Bayan an gama babu wahalar da jiki, babu barcin rana, babu ruwan sanyi, babu tsami.

Duk wannan na kiyaye shi kamar ibada. To me ya sa Baba yake fitowa yana haki kamar wanda ya yi noma?

Ga kuma maganar ranar aurenmu. Kowa ya san da zarar Karkidakam ya fita, watan Chingam na aure ne. Iyayen Sudhish sun aiko a je wurin mai duban taurari a tsayar da rana, Baba ya ce a dakata tukuna. Suka sake aikowa, ya ce a dakata. Shi kuwa gogan naku, da a da yake ƙirga mini kwanaki kamar mai jiran albashi, sai cewa ya yi, "A bi Baba a hankali."

A hankali! Wannan kalmar ta fi komai ci mini rai.

Gwaggo Sarojam, ƙanwar Baba, ta zo da yamma da lemarta mai karyayyen haƙarƙari. Ko zama ba ta yi ba ta shige kicin tana buɗe-buɗe, ta ɗauko kwalbar garin da nake dama wa Baba a madara ta shinshina.

"Wannan fa?"

"Garin ƙwayar ƙarara ne, Gwaggo."

"Ƙarara! Abin da in ya taɓa akuya take birgima? Shi kike ɗura wa ɗan'uwana?"

"Ƙaiƙayin a ɓawo yake, ba a ƙwaya ba. Kuma sai da Yaya Sudhi ya je suka yi magana da likitan asibiti kafin ya auna."

"Kin je da ƙafarki kin ji?"

Na sunkuyar da kai.

"Ai ka ji!" Ta tafa hannu. "Yarinya, so ya rufe miki ido. Gida ga shi, itatuwan kwakwa ga su har bakin kogi, 'ya ɗaya tilo. Tsoho na ƙara lalacewa, saurayi na shiga yana fita kamar gidan ubansa, maganar aure kuma shiru. Ni dai ban ce komai ba."

"Gwaggo, don Allah..."

"Na ce ban ce komai ba!"

Ta tafi ta bar mini abin da ba ta ce ba yana yawo a kaina. Da na kai wa Baba kunun shinkafarsa, zanensa ya ɗan zame, sai na ga gwiwarsa ta kumbura ta yi baƙi.

"Baba! Me ya same ka a nan?"

Ya ja zane ya rufe da hannun hagu. Ciwon ya daɗe da ɗauke masa motsin fuska, ba ka gane fushinsa ba ka gane murnarsa, amma idanunsa sun ƙi haɗuwa da nawa.

"Gefen gado ne, Uwata."

"Faɗuwa ka yi? Sudhish yana ina ka faɗi?"

"Kunun nan ya yi gishiri."

Babu ko ƙwayar gishiri a ciki. Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske. Mahaifina yana yi mini ƙarya don ya kare wani, ko kuwa tsoron wani yake ji?

Washegari na dafa shinkafa, na ƙulle, na miƙa wa Sudhish a bakin ƙofa ba tare da na dube shi ba. Ya ce, "Ambilina..." Na juya masa baya. Da na ji ya sa sakata, sai na cire takalmina na dawo na jingina kunne da katako.

Da farko komai daidai: ƙarar mai a kasko, tafin hannu na bin fata, Baba na nishi a hankali. Can sai shiru. Sai kuma na ji wani abu.

Tak... tak... tak...

Ana buga katako. Sai jan ƙafa a ƙasa. Sai muryar Sudhish, ba irin mai taushin da na sani ba.

"Tashi, Baba. Sake."

"Na gaji, yaro..."

"Kai ka ce kada in ji tausayinka. Sake!"

Wani abu ya daki bango, Baba ya yi ƙara. Ban san sanda na zare zoben daga yatsana ba. Na zagaya ta ƙofar baya, wadda sakatarta ba ta kamawa, na banke ta da kafaɗa.

"Sakar mini uba, azzalumi!"

Baba na tsaye a tsakar ɗaki, daga shi sai ɗan gajeren zane, jikinsa na sheƙi da mai. An shimfiɗa tabarmin kaba daga bango zuwa bango don santsi. Sudhish na tsugune, hannu ɗaya na riƙe da tawul ɗin da ya ɗaura wa Baba a ƙugu, ɗayan kuma riƙe da sandar gangar Baba a gefen gadon katako. Ihuna ya tsinke bugun. Ƙafafun Baba suka kafe, jikinsa ya tafi gaba, Sudhish ya yi tsalle ya tare shi da ƙirji.

"Rufe ƙofar, iska!" ya daka mini tsawa.

Na rufe. Na wurga zoben a kan gadon, ya gangara ya tsaya a cikin mai.

"Ga kayanka. Wanda aka ce kada ya wahala shi kake sa tsallen kwaɗo? Kashe shi kake so ka yi ka gaji kwakwa?"

Sudhish ya dube ni. Ban taɓa ganin ido ya mutu haka a take ba. Ya zaunar da Baba, ya lulluɓa masa zane.

"Uwata," in ji Baba, da muryar nan tasa da ta koma kamar raɗa. "Zo nan. Tunda kin keta ƙofa, sai ki ji."

Na durƙusa a gabansa.

"Kin tuna bikin 'yar Sarojam?"

Na tuna. A bakin rumfar biki ƙafafunsa suka kafe, mutane suka taru a bayansa, sai da samari suka ɗauke shi cak suka dire a kujera.

"Ina jin wata tana cewa, wayyo Velayudhan ya ƙare. A bikin wata ke nan. A naki fa? Uba ne ke takawa zuwa gaban fitila ya kama hannun 'yarsa ya sa a hannun mijinta. In ban iya ba, mijin Sarojam za a ce ya yi. Ina raye, ina kallo, wani ya ba da ke?"

Hawaye suka zubo masa a fuskar da ba ta motsi.

"Shi ya sa na ƙi tsayar da rana. Yaron nan ne ya lura in ana kiɗa a haikali ƙafata tana sakuwa. Na ce ya raba lokacin biyu, rabi mai, rabi tafiya. Ya ƙi, ya ce ya saɓa ƙa'ida, a bari a gama gashin tukuna. Na ce Chingam ba zai jira ni ba. Na sa shi ya dafa gangata ya rantse ba zai gaya miki ba."

"Don me, Baba? Don me ba za a gaya mini ba?"

"Don da kin sani cewa za ki yi, Baba zauna, ba komai, a ɗauke ka. Ƙarya na yi?"

Bai yi ƙarya ba. Abin da zan ce ke nan.

Na juya wurin Sudhish. Yana tattara kaskonsa, ya ba ni baya.

"Yaya Sudhi..."

"Kwakwa, Ambili? Ni?"

"Na ga shinkafa... na ga gwiwarsa... ka ƙi yi mini magana..."

"Gwiwar laifina ce, ranar ban ɗaura tawul ba. Ita kam ki zage ni a kanta, na cancanta. Amma kullum in fito daga ɗakin nan in ga idonki na tuhumata, in haɗiye, in hau babur... kin san yadda nake isa gida?"

Kuka ya ƙwace mini. Na sa hannu cikin man na lalubo zoben, yana ta zille mini, na miƙa masa a tafin hannu.

"Ka mayar mini, don Allah. Ni na cire, amma kai nake so ka mayar."

Ya daɗe yana kallonsa. Baba ya yi gyaran murya.

"Kai yaro, mayar mata mana, man nan yana hucewa a jikina."

Sudhish ya yi dariya da jajayen idanu, ya kama yatsana ya zura. Tun daga ranar ban ƙara dafa shinkafar hankaki ba, kuma ni ce mai zama a bayan ƙofa ina buga musu tak, tak, da zobe a jikin katako, don hannayen Sudhish su zama duka biyu a kan Baba.

Ranar aure rana ta fito fes. Na shigo rumfa riƙe da faifan tagulla mai fitila, Sudhish na tsaye yana jirana. Tsofaffin almajiran Baba a kiɗa suka zo da gangunansu, kuma don su girmama malaminsu suka saki kiɗa mai zafi kamar za su fasa fata.

Baba ya miƙe. Ya yi taku, ya ƙara. A bakin matakalar rumfa ƙafafunsa suka kafe. Kiɗan ya yi masa sauri.

Na ga mijin Gwaggo ya fara gyara zane zai taso. Na ga samari biyu sun nufo Baba da hannuwa a buɗe.

"Kada wanda ya taɓa shi!" in ji Sudhish, ya ɗaga wa makaɗa hannu. Rumfa ta yi tsit.

Na juya zobena na kai shi bakin faifan.

Tak... tak... tak...

Baba ya ɗago ya dube ni. Ƙafar dama ta ɗaga. Ta hagu ta biyo. Babban almajirinsa ya gane, ya ɗauki bugun a ganga a hankali, sauran suka bi shi. Gwaggo Sarojam, ita da ba ta ce komai ba, ta toshe baki da gefen zane tana ta kuka.

Ya iso da ƙafarsa. Ya kama hannuna na dama, nasa na ta karkarwa har awarwarona na kaɗawa, ya ɗora a tafin Sudhish. Sudhish bai danne hannun don ya tsayar da rawar ba, ya dai rufe namu duka biyu da nasa, muka yi ta karkarwa mu uku.

"Ga ta nan," in ji Baba. "Ni na kawo ta."