A Kawo Madogara

Cajar waya kawai ta koma ɗauka, ana gab da kiran magariba. Ofis ba kowa, sai babban allon bango da ba a kashewa, inda manhajar sintiri ke nuna duk gyaran da aka yi a kundin intanet ɗinsu nan take. Gyara mai kyau ya fito kore, ta yi ƙara ƙil. Na ɓarna ya fito ja, ta yi ƙwam.

Ai tun safe jan nan yake cin ranta. Wani ne ya ƙara layi a shafin unguwarsu, wai kafin a yi ginin nan tafki ne, kuma masu tafkin ba su tashi ba. Abokan aiki suka kwashe da dariya. "Wannan kuma wane tsoho ne?"

Ta san shi sarai. Mahaifinta ne, ita ta buɗe masa asusu a kundin bayan ya yi ritaya. Amma kunya ta kama ta. Ta yi dariyar ita ma, har ta fi kowa, ta soke layin, ta rubuta: tatsuniyar tsofaffi, a kawo madogara.

Ƙwam.

Ta ɗaga kai. Layin ya dawo, ba sunan kowa a gefensa. Ta ja kujera ta soke shi.

Ƙwam. Ya sake dawowa, da ƙari a ƙasa: madogara tana hawowa.

Fanka ta tsaya cak. Warin taɓo ya cika ɗakin. Daga matakala ta ji tafiya, caɓ, caɓ, irin ta jiƙaƙƙiyar ƙafa.

Kafet ya yi sanyi a ƙarƙashin takalminta. Ruwa ne.

Ta kamo addu'a.

"Ke kika ce a kawo," aka raɗa daga bayan ƙofa.

Mariƙin ƙofar ya fara sauka.

Ta mayar da layin da kanta, da sunanta. Ta ƙara: Babana ne ya rubuta, kuma gaskiya ya faɗa.

Ƙil.

Mariƙin ya tsaya. Ba ta jira komai ba, ta ƙofar baya ta arce, takalmi ɗaya, cajar ma ko oho.

A falon gida ta tarar da mahaifin nata, tabarau a kan hanci, waya a hannu. Ta durƙusa, ta kasa haɗa ido da shi.

"Na ga kin mayar," ya ce. "Na kuma ga abin da kika rubuta da safe."

"Baba, ka yafe mini."

"Ba komai, uwata." Ya miƙo mata wayar. "Rufe mini asusun nan. Dama don in riƙa ganin aikinki na koya."

Washegari kafet ya bushe, ba wanda ya ƙara yin dariya. Layin yana nan har yau. Ita kuwa kullum idonta na kan allo, ko sunansa zai sake fitowa, ja ko kore. Bai ƙara fitowa ba.