Lambar Babur Ɗin Wisnu

A kasuwar 'yan gwangwan ta birnin Yogya Gunadi ya fara ganin Sekar. Yana durƙushe yana shafa wata tsohuwar lambar mota kamar mai lallashin jariri, ita kuma tana neman murfin tukunya.

"Mas, ina motar? Ko da kaɗan-kaɗan kake sayenta, ka fara daga lamba?" in ji ta. Mas shi ne "Yaya" a harshensu.

Ya ci gaba da shafa lambar. Mu da muka yi samartaka ba baki mun san wannan shirun, wasunmu har yau muna ciki.

Wata shida yana koya mata abin da ba ta tambaya ba: baƙaƙen lambobin da, fararen yanzu, jajayen gwamnati. Ita ta raɗa masa suna Tsatsana.

Da ya nemi aurenta, sai mahaifinta, Pak Sastro, wato Baba Sastro, ya ce a'a. A al'adarsu ƙanwa ba ta riga yayanta aure, sai ta durƙusa ta nemi izininsa, ta ba shi kyauta. Yayanta Wisnu kuwa ya hau babur ranar da dutsen Merapi ya yi aman wuta, ya tafi kwance shanu, yau shekara goma sha biyu. Ba gawa, ba babur. Kullum da la'asar tsohon na ajiye shayi kofi biyu a baranda.

"Sai ya dawo tukuna," in ji shi.

Ranar da Gunadi ya ga hoton Wisnu bisa babur a falonsu, idonsa ya tsaya a kan lambar babur ɗin. AB 4172 QE, da ɗan kifi zane a kusurwa. Shekara uku lambar nan tana cikin lambobin da yake tarawa a bangon ɗakinsa, a ƙone, a lanƙwashe. A hannun masu haƙar yashi a kogin Gendol ya samo ta. Ita kaɗai ce ba ya son ba wa baya in yana salla, bai taɓa sanin dalili ba.

Kwana tara bai kira Sekar ba. Sai ga saƙonta:

"Tsatsana, in wata ka samu, gaya min. Na iya jiran wanda ba ya dawowa, amma ba zan iya na biyu ba."

Ya naɗe lambar a ƙyalle ya tafi wurin Pak Sastro.

"Pak, na san bayan wannan wataƙila ba za ka so ganina ba."

Tsohon ya daɗe yana shafa kifin da babban yatsa.

"Na hana shi zana wannan. Na ce 'yan sanda za su tare shi. Taurin kai!"

Can ya tura wa Gunadi kofi na biyu.

"Sha. Ya gaji da hucewa."

Aka yi wa Wisnu addu'a a bakin kogi. Jajibirin aure Sekar ta durƙusa gaban lambar, ta ajiye sabuwar riga.

"Mas Wisnu, ka yi haƙuri, zan riga ka."

Mahaifinta ya amsa a madadinsa: "Je ki, ƙanwata."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Lambobi ɗari huɗu ne yanzu a bangon Gunadi, da ƙusa ɗaya da bai sake rataya mata komai ba.